Babi na Huɗu: Layi Nawa Ne a Bakin Bahaushe?

Shin "layi" Hausa ce ko Turanci? Gardama ce da takan tashi a majalisa, musamman idan ɗan boko da dattijo suka haɗu a tabarma ɗaya. Ɗan boko ya ce ai kowa ya san kalmar Bature ce. Dattijo ya ce shi tun yana yaro yake jin ta a bakin kakarsa, wadda ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa takawa ba. Sai wani daga gefe ya ƙara dagula lissafin: to in ta Bature ce, me ya sa idan ka ce wa Bature wane ya saki layi ba zai gane inda ka dosa ba?

Dukkansu ukun suna da gaskiya, kuma aikin wannan babi shi ne ya nuna yadda aka yi hakan ta yiwu.

Mu fara da ƙirga. Magidanci a Haɗejiya ya fito daga layinsu da safe. Ya bi layi a banki. Ya ratsa layin 'yan kifi ya yi cefane. Ya nemi ɗan'uwansa da ke Kano, layi ya ƙi shiga. Da yamma ya dawo ya tarar da ma'aikata a kan fol suna gyaran layin wuta. Sau biyar ke nan a wuni guda, kuma babu biyu da suke nufin abu ɗaya. Amma wannan mutumin da ya shiga masallaci ba layi ya tsaya ba, sahu ya shiga. Ke nan kalmar tana da inda take zuwa, tana da inda take tsayawa. Wanda ya bi sawunta zai ga wuraren da sabon zamani ya taɓa rayuwar Bahaushe, ya kuma ga wuraren da zamanin ya tarar da mai gida a zaune.

Asalinta zare ne

Turawan Ingila suna rubuta ta line, suna furta ta kusa da "layin". Su ma ba su suka ƙirƙire ta ba. Tushenta yana cikin Latin, harshen Rumawan da, inda take nufin zaren da ake yi da tsiron da ake saƙa yadin lilin da shi. Zare ne kawai, ba wani abu ba.

Ka je inda ake fitar da harsashin gini ka ga wannan ma'ana ta farko da idonka. Magini ya kafa turke nan, ya kafa wani can, ya ɗaura igiya ya ja ta har ta yi tsam, sannan yaronsa ya bi ta da toka ko farar ƙasa. Ba a sa diga a ƙasa sai an fitar da wannan layin.

Igiyar maginin nan tana da halaye uku. Na farko, a miƙe take. Na biyu, ana iya jera abubuwa a kanta, wani bayan wani. Na uku, tana haɗa wannan bakin da wancan. Ka riƙe waɗannan ukun, domin kusan duk wani layi da za mu gamu da shi a gaba ɗayansu ya ɗauko. Layin unguwa da layin littafin rubutu sun ɗauki miƙewa. Layin banki da layin tasha sun ɗauki jeri. Layin waya da layin wuta sun ɗauki haɗi. Layin dogo kuwa ya kwashe duka ukun.

Ina "n" ɗin ta tafi?

In Bature "layin" yake cewa, me ya sa muke cewa "layi"? Amsar tana cikin kunnen Bahaushe. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma idan muka ji "n" a ƙarshen suna, mun saba ɗaukarta a matsayin mahaɗi, irin ta "gidan sarki" ko "dokin Galadima". Saboda haka da kakanninmu suka ji "layin", sai kunnensu ya jira sauran maganar: layin me? Da suka tashi ambaton abin shi kaɗai, sai suka cire "n" ɗin, ya zama layi.

Ba ita kaɗai aka yi wa wannan aski ba. Haka aka yi wa inji, da kanti, da tasha, da fensho. Duk a bakin Bature da sautin "n" suke ƙarewa, duk kuma a bakin Bahaushe sun zubar da ita, sai in za a jingina su da wani abu su ɗauko ta Hausa.

Daga nan aka ba ta jam'i irin na gida, layuka. Aka ninka ta yadda muke ninka kalmominmu: a zauna layi-layi. Duk kalmar da ta kai wannan matsayi ta wuce baƙunta. Shi ya sa dattijon majalisa bai yi ƙarya ba da ya ce a bakin kakarsa ya ji ta.

Dogo ya wuce ta arewa

Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a watan Afrilun 1906, a gumurzun da Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya rasa ransa. Kalmomin Turanci na farko da suka biyo baya ba ta aji suka shigo ba. Ta bariki suka shigo, ta bakin soja da ɗan sanda da masinja da kuku da lebura. Soja a fareti layi yake tsayawa. Lebura ranar biya layi yake bi. Mutanen da ba su san ko harafi ɗaya na boko ba su suka kai kalmar gida.

Sai kuma jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911. A 1930 aka kammala reshen da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, tafiyar kimanin kilomita 230, ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Birnin Haɗejiya bai samu tasha ba, dogon ya wuce ta arewa da shi. Wannan ya ɗaga Malam Madori. Kamfanonin Turawa da Kwarori masu sayen gyaɗa suka kafa kantuna a can, jakuna da raƙuma da manyan motoci suka riƙa kai kaya bakin tasha daga ƙauyukan masarautar.

Hanyar jirgin nan ta samu sunaye da yawa, kuma kowane suna yana ɗauke da labarin wanda ya raɗa shi. Wanda ya dubi tsawonta ya ce dogo. Wanda aka kwashe shi ko aka kwashe ubansa zuwa aikin tilas na haƙa da fasa dutse ya ce diga, har yau ana cewa digar jirgi. Wanda ya yi aiki da hukumar jiragen ƙasa ya ce reluwe. A rediyo da jarida kuwa "layin dogo" ne ya zauna, rabi aro rabi na gida. Da aka aza harsashin sabuwar hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, da wannan sunan aka ba da labarin.

Daga lungu zuwa layi

Shiga tsohon gari a Haɗejiya, wajen Majema ko Rumfa ko Kasuwar Ƙofa, ka nemi gidan wani. Kwatancen da za a yi maka na lungu ne: ka bi nan, ka sha kwana a jikin masallaci, ka wuce rijiya, gida na uku mai dakali. Lungu yana lanƙwasa ne saboda gidajen sun riga hanyar zuwa. Iyali ya yi yawa aka ƙara ɗaki, maƙwabci ya ja katanga, abin da ya rage a tsakani shi ne hanya.

A sababbin unguwanni abin juyewa ya yi, hanyar ce take riga gidajen. Safiyo ya zo ya auna, ya yanka filoti, ya bar tsakani a miƙe. Ko inda ba hukuma ce ta yanka ba, mai gona ne ya kira dillali suka raba ta, sunan da ake ba wurin shi ne awon igiya. Ga zaren nan ya sake fitowa. Hanyar da aka haifa ta wannan tsari ba ta dace da sunan lungu ba, ba ta kuma kai titi ba. Sai aka ce layi. Akwai wata kalmar Turanci, lane, mai nufin ƙaramar hanya, wadda sautinta ya yi kusa da na line, ga Bahaushe kuwa duka biyun a ƙwarya ɗaya suka zuba.

Raɗa wa layi suna aikin jama'a ne. Hukuma takan kafa allo da sunan wani babban mutum, amma ɗan acaɓa ba da shi yake aiki ba. Shi abin da ya sani shi ne layin makabarta, layin transifoma, layin mai shayi, layin gidan Alhaji wane. Wani sunan yakan girma har ya haɗiye unguwa sukutum: akwai Sabon Layi a Katsina, akwai Layin Zomo a Zariya.

Daga nan kalmar ta tashi daga kan ƙasa ta koma kan mutane. "Ɗan layinmu ne" shaida ce, kusan kamar a ce ɗan gidanmu. 'Yan layi su ke haɗa kuɗin kwalbati da na 'yan sintiri, su ke fitowa yashe lambatu kafin damina. A garin da ke zaune a bakin kogi wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shekarun 2020 da 2022, da ruwa ya cika ya yi barazanar ɓalle jinga, matasan Haɗejiya sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna toshe inda ya ɓulla. A irin wannan dare ba a tambayar mutum asalinsa, maƙwabtaka ce take fito da shi.

A kasuwa kuwa sunan ne sabo, tsarin tsoho ne. Tun kafin Bature masu sana'a ɗaya wuri ɗaya suke zama, mahauta a gefe, 'yan koli a gefe. Abin da ya ƙaru shi ne rumfuna sun miƙe, sai aka ce layin 'yan kifi, layin 'yan tattasai, layin 'yan hatsi.

"Wa ye na ƙarshe?"

A nan kalmar ta fi nauyi, domin ba suna kaɗai ta kawo ba, ta kawo wata sabuwar doka ta zaman jama'a.

A tsarin da muka gada, girma ne yake tsara wanda zai riga wani. A fada kowa ya san mazauninsa. A gida babba ne yake fara sa hannu a akushi. Layi kuwa bai san shekaru ba, bai san sarauta ba. Abu ɗaya yake tambaya: wa ya riga zuwa? Ofis da asibiti da banki su suka zo da wannan, domin ma'aikaci ɗaya ne a bayan kanta, mabuƙata ɗari a gabansa, kuma bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bahaushe ya karɓa, amma sai da ya yi masa gyara. Tsaya a bakin famfon burtsatse da sassafe ka gani. Ba mutane ne a layin ba, jarkoki ne da bokitai, a jere tun daga bakin famfo har jikin katanga. Masu su suna inuwa suna hira, amma kowa idonsa na kan tasa. Yarinya ta iso da bokiti a ka, ta ce, "Wa ye na ƙarshe?" Ɗan garuwa ya nuna wata jarka mai ɗaurin leda a baki. Ta ajiye nata a baya, ta ce, "To Malam, ina bayanka." Magana ta ƙulla ke nan, ko ta tafi aike ta dawo wurinta yana nan. Can sai ga wata tsohuwa da 'yar buta. Ba wanda ya nuna mata ƙarshen layi. Wanda ke kan famfo ya janye jarkarsa ya ce, "Kawo, Inna, in tara miki." Ba wanda ya yi ƙorafi.

A wannan ɗan wuri an ga gyare-gyare uku. Kaya suna iya tsaya wa mai su, kamar yadda katin asibiti yake bin layi a kan tebur mai shi yana kan benci. Baki yana riƙe wuri. Tsufa kuma bai rasa alfarmarsa ba. Ƙara da na huɗu, wanda ake gani a rumfar zaɓe da wurin rabon tallafi: layin maza daban, layin mata daban.

Sai dai ƙofar da aka buɗe wa tsohuwa ita ce mai hanya yake bi. Tsallake layi saboda sanayya, ko don an ga babbar riga, shi ne abin da ya fi tayar da hayaniya a kowane layi. Mutane suna iya jure rana da yunwa, abin da ba sa jurewa shi ne su ga an shigar da wani ta ƙofar baya. Wannan fushin kansa shaida ne cewa dokar ta zauna a zukata: mun yarda wanda ya riga zuwa yana da haƙƙi, ko ɗan wane ne.

Kowane zamani da layin da ake tuna shi da shi. Akwai layin mai, wanda kusan kowace gwamnati ta ɗanɗana. Akwai layin taki da damina ta kawo kai. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, mutane sun yi ta sammako a ƙofar bankuna don su karɓi abin cefane daga kuɗinsu na kansu. A zamanin Janar Ibrahim Babangida kuwa, layin kansa ne ya zama ƙuri'a: masu zaɓe su jeru a bayan ɗan takara ko hotonsa a ƙirga su a fili. Hausawa ba su tsaya neman sunan hukuma ba, suka ce ƙato bayan ƙato.

Motar da ke kan layi

A tasha kalmar aiki biyu take yi a lokaci guda. Idan aka ce direba yana layin Kano, ko layin Nguru, ko layin Gumel, hanyar da yake bi kullum ake nufi. Idan kuma aka ce motarsa ce a kan layi, ana nufin ita ce za ta yi lodi yanzu.

Direba ya sauke fasinja, ya je wurin 'yan ƙungiya a rubuta lambarsa, ya koma ya jira. Mota goma na iya kasancewa a tashar, amma ɗaya kawai ɗan kamasho yake kira wa fasinja. Fasinja mai sauri ya leƙa ya ga saura mutum huɗu, ya nufi ta baya wadda ta fi kyau, sai a tare shi: "Alhaji, ba ita ce a layi ba, ga wadda za ta tashi." Ba don wannan tsari ba, da mota goma za su raba fasinjan mota ɗaya, kowa ya wuni bai cika ba. Shi ya sa direban da ya tsaya a bakin titi yana kwasar fasinja ba tare da ya shiga layi ba yake gamuwa da fushin 'yan'uwansa kafin na hukuma.

Layin da ido ba ya gani

A da, layin waya abu ne da ake iya taɓawa: waya ce ta ƙarfe a kan turaku, daga gari zuwa gari. Kafin 2001, duk layukan tarho da ke aiki a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu a ofisoshi da gidajen masu hali. A watan Agustan 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula, Glo ya biyo baya a 2003. A farkon lamarin sai mutum ya ajiye naira 20,000 ko fiye kafin ya mallaki layi. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150.

Abin lura shi ne igiyar ta ɓace, sunan ya zauna. Ɗan katin da ake sa wa a waya, wanda bai kai farce girma ba, shi ne layi. Lambar ma layi ce: "Ba ni layinka." Ingancin magana layi ne: "Layin ba kyau, sake kira." Mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa akwai mai sauraro a kan layi. Mai kifi a Haɗejiya yana da layi biyu, ɗaya na iyali, ɗaya na abokan ciniki da ke kudu, waɗanda yake ɗora wa kwalayen banda a mota su turo kuɗi ba tare da sun ga juna ba.

Da layi ya zama hanyar abinci, rufe shi ya zama hukunci. Tun watan Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka yi ta rufe na waɗanda ba su haɗa ba, sai ga mutane suna bin layi don a buɗe musu layi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda matsalar 'yan bindiga.

Wutar lantarki ma haka. Unguwa takan yi murna in an mayar da ita kan layin da ya fi samun wuta. Idan aka ce babban layi ya faɗi, kowa ya san ba laifin transifomar unguwa ba ne. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin, masu injin casar shinkafa da masu ƙanƙara suka ji a jikinsu.

Inda aka ce mata dakata

A Turanci kalmar ta fi haka yawo. Da ita suke kiran igiyar kamun kifi, da igiyar shanya, da jerin zuriya, da jerin kalmomin waƙa. Bahaushe bai ɗauko ko ɗaya daga waɗannan ba.

Je ka bakin kogi, ko ka gangara fadamun Kiri Kasamma da Guri, ka tambayi masunci. Doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da yake shimfiɗawa a ruwa mamari ce. Ta hannu fatsa ce. Shingen da ake gitta wa ruwa a jera masa tarkuna dumba ne. Duk a miƙe suke, duk a jere suke, amma ba wanda zai ce musu layi. Almajiri a tsangaya saɗara yake rubutawa a allo, ɗan firamare ne yake rubutu a kan layi. Mawaƙi ɗango yake tsarawa ya tada baiti. Mai ba da tarihin sarauta tsatso da salsala yake bi. Raƙuma ayari suke yi. Liman kuma har gobe cewa yake a daidaita sahu, ko da kuwa a kan layin da aka ja da fenti a daɓen masallaci ake daidaita shi. Fentin layi ne, mutanen sahu ne.

Dalilin a fili yake. Su, da karatun allo, da waƙa, da salla, duk sun girmi zuwan Bature, kowannensu da kalmominsa cikakku. Kalmar aro gurbi take nema, inda ba gurbi ba ta zama.

Gona ce ta fi nuna wannan iyaka, domin a cikinta tsoho da sabo suke maƙwabtaka. Manomin gero a tudu kunya yake bi, kamar yadda kakansa ya yi. Amma sauka fadama, wajen aikin noman rani na Auyo, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, lokacin dashen shinkafa. Yara biyu suna riƙe da bakin igiya, ɗaya a wannan gefen fangali, ɗaya a wancan. An yi wa igiyar ƙulli a kowane santimita 20. Masu dashe sun sunkuya cikin taɓo, kowa ya cusa tsiro a gindin ƙullin da ke gabansa, sai a ɗaga igiya a matsa baya, a sake. Wannan shi ne dashe a layi, kuma malaman gona ne suka yaɗa shi a madadin watsa iri. Ya fi cin lokaci da kuɗin ƙwadago, amma iri kaɗan yake ci, cire ciyawa da zuba taki sun fi sauƙi, kowane tushe kuma yana samun sararin yin 'ya'ya. Mutum ɗaya ne yake noma gonakin biyu. A ta tudu bai taɓa cewa layi ba, a ta fadama bai taɓa cewa kunya ba, kuma ba wanda ya koya masa bambancin.

Sakin layi

Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara. A kan tufa gaskiya ne, amma kalma in ta daɗe a hannu sai ta fi ƙarfin mai ita. Ga abin da Bahaushe ya ƙera da kansa.

Wanda ake magana a kan kuɗin taki ya ɗauko labarin ƙwallo, ya saki layi. Yaron da ya fara bin abokan banza ma ya saki layi, in ya shiryu a ce ya dawo kan layi. Makanikin mota da aka kawo wa injin ban ruwa yana iya cewa, "Wannan ba layina ba ne, kai wa wane." 'Yan siyasa in sun ɓata sukan ce an ja layi. Budurwar da samari suka yi wa layi ba sai an faɗa maka tana da farin jini ba. Wanda ya samu kuɗi kwatsam ya shiga layin manya. Wasu daga cikin waɗannan suna da 'yan'uwa a Turanci, amma "sakin layi" da wannan faɗin ma'ana, daga kuskuren zance har lalacewar tarbiyya, a nan aka haife shi. Mai tambaya na uku a majalisa ya samu amsarsa.

Saura wani abin dariya. Hausa tana da nata "layi" na gida, wanda ba ruwansa da Bature: tangaɗi. Wanda jiri ya ɗiba, ko wanda ya sha ya bugu, yana tafe yana layi. A rubuce ba su da bambanci, a ma'ana kuwa hannun riga ne, ɗaya miƙewa, ɗaya karkata. Duk da haka ba a taɓa jin wanda ya rikice ba. In aka ce mutane suna layi a ƙofar banki, ba mai zaton maye suke yi. Zancen da ke kewaye da kalma shi yake yanke mata ma'ana, ba ƙamus ba.

To, Hausa ce ko Turanci?

Asalinta na Turawa ne, su ma gado suka ci daga Rumawa. Siffarta, da jam'inta, da rabin aikin da take yi yau, na Hausa ne. Ta shiga inda awo da inji da ofis suka shiga, wato hanyar jirgi, filoti, banki, tasha, waya da noman malaman gona. Ta tsaya a ƙofar masallaci da tsangaya da bakin kogi. Wannan ma'auni zai yi maka aiki a kan kowace kalmar aro: kada ka tsaya a tambayar daga ina ta zo, tambayi wane gurbi ta cike, da kuma wanda ta tarar a cike.

Layi ta yaɗu ne saboda ma'anoninta duka 'yan uwa ɗaya ne, ana iya bin su har zuwa zare guda. Akwai kalmomin da ba haka suke ba, waɗanda ma'anoninsu ba su ko yi kama da juna ba. Me ya haɗa wayar da aka bar wa mai shago ta sha wuta, da ofishin da ake tsare mai laifi, da kuɗin da banki yake yanka maka ba ka sani ba? Duka ukun caji ne, kuma ita za mu bi a babi na gaba.